Farar Kwalba a Teburin Biki

 

Yau zan taɓo wani zance da na san wasunku za su ce ina ruwan ɗan Musulmi da shi, wato zancen giyar inabi, musamman wata fara da ake kawowa daga Afirka ta Kudu mai suna Chenin Blanc. Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta, ban taɓa shan ta ba, ba ma sayar da ita a shagonmu, kuma ba tallarta na zo yi ba. Hukuncinta a addininmu a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa laifin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. To wannan ɓangaren na ƙarshe shi ne ya shafe mu, domin yawancinmu da ke zaune a wannan yanki 'yan kasuwa ne ko 'ya'yan 'yan kasuwa, kuma kwalaben da ake kira wayin sun riga sun shigo shagunanmu da bukukuwanmu. Duk bikin da ka je yanzu, na Musulmi ko na Kirista, za ka tarar da su jere a kan babban tebur, an naɗe wuyansu da takarda mai ƙyalli. Kalma ɗaya muke kiran su da ita, alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Mahaifina mutumin ƙasar Zazzau ne, daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Fataucin doya ne ya fara kawo shi Lafiya, yana lodi yana kaiwa Zariya da Kano, tun garin yana cikin Jihar Filato. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996 aka mai da Lafiya babban birni, ma'aikata suka cika gari, sai ya ga kayan masarufi sun fi doya kwanciyar hankali, ya kama shago ya zauna. A nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, kuma tun da na gama nake tsaye a bayan kanta. Lafiyar Barebari ake ce wa garin saboda su suka kafa sarautarsa, amma masu shigowa shagonmu akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Ibo da Yarabawa, kusan kowa da Hausa muke ciniki da shi. Wannan cakuɗuwa ita ce albarkar kasuwarmu, ita ce kuma ta ɗora mana wani nauyi da 'yan'uwanmu na gida ba su cika ji ba.

Ga abin da nake nufi. Ɗan kasuwar da ke Kano yana da mai yi masa gadi. Akwai doka, akwai Hisba, kuma ba da wasa suke yi ba, a watan Nuwamba na 2013 kaɗai sun farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a bainar jama'a. Dillalin da zai kai kaya Singa ko Kwanar Dawanau ya san abin da zai jawo wa kansa idan ya cusa barasa a ciki. Nasarawa kuwa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a tun daga 1999, giya haja ce kamar kowace haja, mota ɗaya ce ke ɗauko katan ɗinta da katan ɗin madara daga Anacha ko Legas. Ban faɗi haka don in yi ƙorafi ba, garin na kowa ne, kuma maƙwabtanmu suna da nasu addini da al'ada. Abin da nake cewa shi ne, a nan kai ne Hisbar shagonka. In ka iya karanta kwalba ka tsira, in ba ka iya ba sai abin da dillali ya ga dama ya aiko maka.

Burkutu da bammi ba sa ruɗa kowa. Warinsu ya ishe ka, wurin da ake sayar da su ma sananne ne. Giyar inabi ce ke zuwa sanye da rigar mutunci, kwalbarta iri ɗaya da ta lemon inabin da muke sayarwa, hoton 'ya'yan inabi iri ɗaya, wani lokaci ma kamfani ɗaya ne ke yin mai maye da marar maye da suna guda, bambancin 'yan ƙananan haruffa ne a ƙasan takarda. Akwai wani bawan Allah a kasuwarmu, ba zan faɗi sunansa ko layinsa ba, da ya yi odar katan-katan na marar maye don bikin 'yar wani Alhaji. Irin da ya saba saye ya yanke, sai wanda ke haɗa masa kaya a can ya cike masa da wani "mai kama da shi". Shi bai duba ba, yaransa ba su duba ba, masu biki ba su duba ba. Sai da aka buɗe a wurin dina wata dattijuwa ta kai bakinta ta tofar. Kuɗin da ya mayar ba su ne suka dame shi ba. Har yau in an zo zancensa sai wani ya ce, "Wane? Ai shi ne wanda ya kai wa Alhaji giya." Mutumin nan ba ya wasa da salla, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda sunan Chenin Blanc ya shigo kunnena kuwa, wata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, wadda ta fi shekara goma tana sayayya a wurinmu, ta zo haɗa kayan bikin 'yarta. Ta lissafa shinkafa da mai da lemuka da katan goma na wayin marar maye, sannan ta miƙo wa Baba wata 'yar takarda. Ta ce, "Alhaji, sai wannan, katan biyu. Ƙanena da ke Afirka ta Kudu ne ya rubuto, wai don manyan baƙi."

Baba ya juya takardar ya ce, "Madam, wannan ba mai sa maye ba ne kuwa?"

Ta ce, "Kai Alhaji, ina jin ba shi ba ne. Ya ce mini fari ne, ba ja ba."

Sai Baba ya miƙo mini ya ce, "Kai ɗan boko, duba mana a wayarka." Na duba, na ce, "Baba, giya ce, kashi 13 cikin 100." Ya ce da ita, "Madam, ki yi haƙuri, wannan ba hajarmu ba ce. Sauran kuma kafin la'asar an kai miki gida." Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta ma yi dariya ta ce ita kanta a cocinsu ba a sha, za ta ji da ƙanen nata. Da ta tafi Baba ya ce in zauna in binciki abin nan sosai, in san shi ciki da waje, don gobe wani zai zo da wani sunan. Abin da na tattara ke nan nake so in raba da ku.

Chenin Blanc sunan irin inabi ne, kamar yadda muke da irin doya daban-daban ko irin mangwaro, kuma Turawa sukan sa wa giya sunan inabin da aka matse ta daga gare shi. Ana furta shi kamar "Shenin Blan", kalmar ta biyu kuwa fari take nufi da Faransanci. Asalinsa ƙasar Faransa ne, yankin Anjou da ke kwarin kogin Loire, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansa. Amma yau ƙasar da ta fi kowace noma shi a duniya, har da ita Faransar, ita ce Afirka ta Kudu. Shi ne irin da ya fi kowane yawa a gonakin giyar inabinsu, wajen kashi 18 cikin 100, fili fiye da hekta 15,000, a yankuna irin su Stellenbosch da Paarl da Swartland da Breedekloof, duk a lardin Yammacin Cape. Abin dariya, sun yi kusan shekara ɗari uku suna noma shi da sunan Steen, suna zaton wani iri ne nasu na daban, sai a 1963 wani malamin Jami'ar Stellenbosch, Farfesa Orffer, ya gwada ganyensa da na Faransa ya tabbatar abu ɗaya ne. Ka ga ko masu abin ma sai da suka zauna suka karanta kayansu.

Masu shan ta suna yabon ta da cewa tana da wani tsami-tsami mai wartsake baki, kamar na ɗanyen tuffa ko lemon tsami, shi ya sa suke sanyaya ta kafin su sha. Dalili shi ne wannan inabi yana riƙe tsaminsa ko da ya nuna a ƙasa mai zafi. A nan ne kuma tarkon farko yake, domin da yawanmu muna zaton giya sai ta yi ɗaci da wari kamar burkutu. Wannan kuwa wanda bai sani ba zai iya kurɓa ya ce lemo ne da bai ji sukari ba.

Bari in yi bayanin yadda ake yin ta, don a nan ne za a gane inda kuskuren Madam yake, wanda kuma kuskuren yawancinmu ne. Ruwan da ke cikin ɗan inabi, baƙi ne ko kore, kusan duk fari ne. Launin yana jikin ɓawo. Idan ana son jar giya sai a bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon baƙin inabi, launin ya fita ya rina shi. Idan fara ake so sai a matse a tace, a jefar da ɓawon tun farko. Ke nan ja ko fari zancen ɓawo ne kawai, ba shi da alaƙa da maye. Abin da ke kawo maye shi ne yis, ɗan'uwan wanda masu burodi ke sawa a kwaɓi. Ruwan nunannen inabi yana ɗauke da sukari wajen giram 200 zuwa 230 a kowace lita. Yis yana cin wannan sukari yana mai da shi barasa da iskar gas, kusan kowane giram 17 na sukari yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. In ka buga lissafi za ka ga yadda ake kaiwa kashi 12 ko 13.

Saboda haka idan ka ga an rubuta kalmar "dry" a jikin kwalba, kada ka ɗauka ana nufin babu komai a ciki. Ana nufin yis ya cinye sukarin kusan duka, babu sauran zaƙi, ya koma barasa. Haka kuma mai zaƙi ba ta kuɓuta ba, akwai waɗanda ake tsayar da tsimuwarsu a tsakiya ko a ƙara musu ruwan inabi, su fito da zaƙi kamar lemo amma da kashi 7 ko 8 na barasa a ciki, kuma irin waɗannan masu zaƙin ne ma suka fi yawo a kasuwannin Nijeriya. Kumfa ma ba shaida ba ce, mai maye tana yi, marar maye tana yi. Don a ƙara fahimtar ƙarfin abin: kwalbar wayin mililita 750 ce, in tana da kashi 13 to akwai tsantsar barasa kusan mililita 97 a ciki. Babbar kwalbar giyar da ake sha a mashaya, mai mililita 600 da kashi 5, tana da 30. Wato wannan kwalba guda mai kama da ta lemo ta fi uku na waccan.

To mene ne ake sayarwa da sunan marar maye? Iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba, an matse, an dumama shi don yis ya mutu, an ɗura masa gas an rufe. Irin su Eva da ake kawowa daga Sifen da Chamdor na Afirka ta Kudu a wannan layi suke, kuma lemo ne kawai da ya sa rigar biki. Wani abin sha'awa, wanda ya fara wannan dabara Kirista ne mai ƙyamar giya, wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch, a shekarar 1869, don cocinsu ya samu ruwan inabin da za a yi ibada da shi ba tare da barasa ba. Ko a nan Lafiya, in gaskiya za a faɗa, maƙwabtanmu Kiristoci masu tsantseni sun fi mu sayen wannan kaya, kuma sun fi mu duba kwalba kafin su biya.

Iri na biyu shi ne wanda sai da ya zama cikakkiyar giya tukuna, sannan aka sa shi a na'ura aka zare barasar. A jikinsa za ka ga kalmar "de-alcoholised", kuma yawanci yakan rage da ɗan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ita kanta Chenin Blanc ana yin irin wannan da ita. A kan wannan malamai sun yi saɓani, wasu na duban cewa ba ya sa maye ko ka sha bokiti, wasu na duban asalinsa da ɗan ragowar da ke ciki. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa. Baba dai ya yanke wa shagonmu hukunci, ya ce abin da sai an yi dogon bayani kafin a sayar wa Musulmi ɗan'uwa, ribarsa ba ta kai wahalarsa ba. Abin da nake yi yanzu duk ranar da kaya suka sauka shi ne in farke katan ɗaya daga kowane iri, in zaro kwalba, in nemi inda aka rubuta "Alc." da lamba da alamar kashi cikin ɗari, gaba da baya, sannan in duba lambar NAFDAC. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne kawai, giya ma tana da ita, kada wani ya ɗauke ta a matsayin shaidar halal.

Kada in cika ku da lissafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk binciken nan tarihin ƙasar ne, domin na je neman labarin kwalba sai na tarar da labarin baƙi irinmu.

Turawan Holan sun sauka a inda yanzu ake kira Cape Town a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, don jiragen kamfaninsu masu zuwa Gabas su riƙa samun ruwa da abinci. A 1655 suka dasa inabi, ranar 2 ga Fabrairu 1659 aka matse giyar farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa garin Stellenbosch a 1679 da gonar Constantia a 1685, sannan a 1688 wasu Faransawa da suka gudo saboda rikicin addini suka zo suka ƙara wa sana'ar ƙarfi. Amma wa ya yi noman? Bayi ne, waɗanda aka kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska da gabashin Afirka, tare da 'yan asalin wurin da aka ƙwace wa ƙasa. A cikin waɗanda aka kawo akwai Musulmi, har da manyan malamai da Turawan suka koro daga ƙasashensu don sun yi musu tawaye. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694 da iyalansa da almajiransa, aka ajiye shi a wata gona mai suna Zandvliet, ba nisa da Stellenbosch, don a raba shi da jama'a. A nan ya rasu a 1699, kuma har yau sunan wurin Macassar. Wani malamin da ake kira Tuan Guru an kawo shi a 1780 aka tsare a tsibirin Robben, inda daga baya aka tsare Mandela shekara 18. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka, da ya fito ya buɗe makaranta, kuma a 1794 aka kafa masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap, masallaci na farko a ƙasar. Sai a 1804 aka ba su izinin yin addininsu a fili.

Ka duba mutanen nan, mai karatu. Suna zaune a tsakiyar ƙasar giya, tattalin arzikin wurin ya dogara sosai a kanta, ba su da sarki, ba su da alƙali, ba su da Hisba, wasunsu ma ba su mallaki kansu ba. Masana tarihin ƙasar sun rubuta cewa masu gonakin inabi sun fi son Musulmi a ayyukan amana, kamar tuƙa keken shanun da ke kai ganguna gari, saboda sun san ba za su taɓa abin da ke ciki ba. Ba ina cewa ɗaukar gangar halal ba ne, bawa ba shi da zaɓi. Amma rashin shan nasu ya zama musu suna, kuma ya kare zuriyarsu daga wata masifa da ta cinye wasu. Bayan an soke bauta a 1834, masu gonaki sun ci gaba da wata al'ada da ake kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, a ba shi safe da rana da yamma. Doka ta hana wannan a 1960, amma an ci gaba da yi a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Sakamakonsa yana nan har yau, domin garuruwan inabi na Yammacin Cape suna cikin wuraren da aka fi samun yaran da ake haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa saboda shan giyar uwa lokacin goyon ciki, a duk duniya. Wannan ba ya cikin abin da ake rubutawa a bayan kwalba.

Jikokin waɗancan Musulmi ba su tsaya ga tsantsenin mutum ɗaya-ɗaya ba. A 1945 suka kafa majalisar malamai a Cape Town, wadda ake kira MJC a taƙaice, daga baya ta buɗe sashen tantance halal, a 1996 kuma aka kafa wata hukumar ta ƙasa mai suna SANHA. Shi ya sa kayan ci da sha da yawa na Afirka ta Kudu za ka ga tambarin halal a jikinsu, alhali Musulmin ƙasar 'yan tsiraru ne ƙwarai. Mu da muke ganin muna da yawa ba mu yi wannan ba, wataƙila don a gida yawan namu ya sa mun saki jiki. A ganina ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Lafiya da Akwanga da Keffi da Doma za su iya yin ɗan ƙaramin abu makamancin haka ba tare da jiran gwamnati ba. Muna tara kuɗi don gadi da shara da jaje, me zai hana a sa matasa biyu ko uku masu karatu su tattara sunayen kwalaben da ke shigowa, a rarrabe su, a tura wa kowa a WhatsApp, a riƙa sabuntawa kafin Disamba da bayan salla lokacin da bukukuwa ke yawa? Dattawanmu da yawa ba su yi boko ba, kuma kunya ba za ta bar su su tambayi yaron shago ba. Baba yana tambaya ne don shi ɗansa ne.

Wani abu kuma, kada ƙin giya ya sa mu ƙi inabi. Na ga masu jin nauyin kalmar kanta, kamar itacen ne ya yi laifi. Inabi ɗan itace ne mai albarka da aka ambata a Alƙur'ani sau da dama cikin ni'imomi, kuma ita Afirka ta Kudun ba giya kaɗai take samu da shi ba. Kwarin Hex River ya shahara da inabin ci, wanda ake zubawa a 'yan robobi a kai Turai da ƙasashen Larabawa, har mu ma yana iso mana a hannun masu kayan marmari tare da na Masar. Yankin Upington a gaɓar kogin Orange kuma zabibi suke busarwa. Gona ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, abin da aka yi da 'ya'yan bayan an tsinka shi ne ke raba hanya.

Abin da ya fi faranta mini shi ne ba sai mun je Cape ba. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, wadda Hunkuyi ce hedikwatarta, wato ƙasar su Baba, noman inabi ya kankama sosai a 'yan shekarun nan har garin ya yi suna da shi. Wani ɗan baffana yana cikin masu yi. Ya nuna mini yadda ake kafa turaku a ja waya a yi wa itacen rumfa ya hau, yadda ake datse rassa idan damina ta ja baya don ya fitar da sabon toho, da yadda ake ban ruwa har a tsinka da rani. Aiki ne mai cin jari da haƙuri, ba irin masara ba ne da za ka shuka bana ka girbe bana. Babbar matsalarsu ita ce inabi ba ya jira. In ya nuna dole a sayar cikin 'yan kwanaki, in kuma ka matse ruwansa ka ajiye a zafin nan namu, yis ɗin da ke jikin ɓawonsa ya isa ya fara aiki da kansa cikin kwana biyu ko uku ba tare da ka sa komai ba, kamar dai yadda kunun zaƙi ke juyawa idan ya kwana biyu. Dabarar da Welch ya yi a 1869 ita ce maganin wannan, kuma ba ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba: a dumama, a ɗura a kwalba mai tsabta, a rufe da kyau. Duk katan ɗin lemon inabin da na farke a shagonmu ina duba inda aka yi shi, in ga Sifen, in ga Afirka ta Kudu, in ga Legas, ban taɓa cin karo da wanda aka rubuta Kudan ko Zariya a jikinsa ba.

Ranin da ya wuce Baba ya gwada sa a aiko mana da kwando huɗu daga can don mu ga ko zai karɓu. Motar ta taso da asuba ta biyo Kaduna da Abuja da Keffi da Akwanga, ta iso mana bayan isha'i. Kwando ɗaya na ƙasa ya matse ya fara tsiyaya, sauran ukun kuma kafin azahar ta washegari sun ƙare, yawanci 'yan makaranta da matan ma'aikata ne suka saye, don kuɗinsa bai kai na ɗan waje ba ko kusa, duk da yana da ƙwallo a ciki kuma ɓawonsa ya fi kauri. Bana ya ce a zuba a akwatunan roba masu huji maimakon kwando, kuma motar ta taso da daddare.